Yadda ake farfaɗo da ciyawar gida da ta yi sanƙo, daga gyaran ƙasa zuwa yankan farko

Akwai wani gefe na ciyawar gidana da na zuba wa iri har sau uku cikin shekara biyu. Kowane karo yakan tsiro kore shar, ya yi wata guda yana faranta min rai, daga nan ya fara yin ja, ya bushe, ƙasa ta sake bayyana. Na zargi irin, na zargi tsuntsaye, na ƙara taki. A karo na huɗu ne na ɗauko diga na sara wurin, ban kai zurfin tafin hannu ba na ji ƙarfe ya bugi abu mai tauri. Ashe a nan magina suka kwaɓa siminti lokacin ginin gidan, da aka gama aka watsa ƙasa a kai aka tafi. Saiwa na sauka sai ta tarar da bango, rana na fitowa sai ƙasar da ke kan simintin ta bushe ƙayau kafin azahar. Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda ka ga ciyawa ta mutu alhali maƙwabciyarta na raye, akwai abin da ya kashe ta, kuma zai kashe sabuwar da za ka shuka matuƙar ba ka kawar da shi ba. Shi ya sa a wannan aiki sayen iri ba ya zuwa farko.

Gano abin da ya kashe ta

Ka bari sai ƙasa na da danshi, kwana ɗaya bayan ruwan sama ko ban-ruwa. Ɗauki dogon sukundireba ka soka a inda ciyawa ke da lafiya, sannan ka soka a tsakiyar sanƙon. Idan a wuri mai lafiya ya shige santimita 15 ba gardama, a sanƙon kuwa ya cije a santimita uku ko huɗu, to ƙasar ta daɓe, ta zama faƙo. Wannan ne ya fi yawa. Ƙafar mutane, tayar mota, wasan yara, duk suna matse ƙasa har ƙananan kafofin da iska da ruwa ke bi su toshe, saiwa kuwa tana numfashi kamar kowane mai rai.

Ciyayin da suka mamaye wurin ma suna ba da labari. Tuji na son daɓaɓɓiyar ƙasa, shi ya sa ake ganinsa a bakin hanya. Aya-aya ta fi yawa inda ruwa ke kwanciya. Harkiya na shigowa inda aka saba yanke ciyawa ƙasa-ƙasa har rana ta samu hanyar taɓa ƙasa. Gansakuka kuwa inuwa da laima take nunawa.

Sai ka kama matacciyar ciyawar a gefen sanƙon ka ja. Idan ta ɗago gaba ɗaya kamar an naɗe tabarma, babu saiwa a ƙarƙashinta, ka tona ka duba. Za ka iya tarar da farar tsutsa mai kauri da ta lanƙwashe, mai jan kai, dangin gwazarma, ita ke cin saiwa. Ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma idan ka ƙirga kusan goma a fili mai faɗin santimita 30 kowane gefe, sai an yi maganinsu kafin shuka. Don gano tsutsotsin da ke cin ganye da dare, kaɗa cokali biyu na sabulun ruwa a lita huɗu na ruwa, ka zuba a murabba'in mita ɗaya a gefen sanƙon. Cikin minti goma za su fito sama. Ka ɗauraye wurin da ruwa mai kyau bayan haka.

Tabo zagayayye, tsakiyarsa a ƙone, kewayensa kuma kore fiye da ko'ina, galibi fitsarin kare ne ko wurin da takin zamani ya zube da yawa: sinadarin naitirojin ya ƙone tsakiya, a gefe kuma da ya tsinke ya zama abinci. Irin wannan wuri ana cika shi da ruwa sau da dama a wanke gishirin ya sauka. Inda man fetur ko baƙin mai ya zube kuwa, a kwashe ƙasar ne a kawo wata.

Ka kuma ƙirga awannin da rana ke taɓa wurin. Yawancin ciyayin ado na bukatar awa huɗu zuwa shida na rana kai tsaye, wasu fiye da haka. Ƙarƙashin bishiya mai duhun ganye, inda saiwarta ke shanye ruwa, ba kowane lokaci ake cin nasara ba. A rage rassa idan zai yiwu. Idan bai yiwu ba, shawarata ka haƙura da ciyawa a nan, ka zuba ɓawon itace ko ka dasa tsirrai masu son inuwa. Haka ma hanyar da mutanen gida suka riga suka fitar da ƙafarsu: jera musu duwatsun takawa, don ba za su daina bi ba.

Gwaji na ƙarshe na ruwa ne. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. A karo na biyu ruwan ya kamata ya riƙa sauka aƙalla santimita biyu da rabi a kowace awa. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwa a ciki, matsalarka ta magudana ce, sai an fitar wa ruwan hanya ko an ɗaga wurin. Wannan ramin kuma shi zai nuna maka ɓuraguzan bulo, tsakuwa, leda ko siminti da aka binne.

Sanin ƙasarka

Damƙi ƙasa mai danshi ka matse a hannu. Idan ta wargaje da ka buɗe hannu, kana jin gurzarta, yashi ya yi rinjaye: ruwa da taki suna wucewa da sauri. Idan ta dunƙule tana sheƙi, har kana iya murza ta ta yi tsawo kamar igiya, yumɓu ne: tana riƙe ruwa da abinci, amma saurin daɓewa gare ta. Wadda ta dunƙule amma da ka taɓa ta da yatsa ta farfashe, ita ake so. Mai son ya gani da idonsa ya zuba ƙasa kashi ɗaya bisa uku na kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza sosai ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, lallausar turɓaya cikin awa biyu, yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu, kowanne da layinsa.

Abin da hannu ba zai gaya maka ba shi ne tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Yawancin ciyayi sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Idan ya yi ƙasa da 5.5, ko ya haura 7.5 sosai, taki na iya kasancewa a ƙasa amma saiwa ta kasa ɗaukarsa. Ana samun ƙaramin kayan gwaji na gida, sai dai sakamakon ɗakin gwajin ƙasa ya fi aminci, yana kuma faɗin yawan fosfaras da fotashiyam, sinadaran da tsiro ke ci daga ƙasa. Ɗebo ƙasa daga wurare takwas zuwa goma, zurfin santimita 10, ka gauraya a bokiti mai tsabta, ka ɗauki samfur daga ciki. Na sanƙon ka ware shi daban.

Ƙasa mai tsami, wato wadda ma'auninta ya yi ƙasa, ana gyara ta da garin farar ƙasa na noma, kada ya wuce giram 250 a murabba'in mita a zubi ɗaya, kuma yana ɗaukar watanni kafin aikinsa ya bayyana. Wadda ma'auninta ya yi sama ana sauko da shi da garin farar wuta, kaɗan-kaɗan, kada ya wuce giram 25 a murabba'in mita a kan ciyawa mai rai. Don Allah kada ka zuba ko ɗaya daga cikinsu da ka, ba tare da gwaji ba. Tokar itace ma ɗaga ma'aunin take yi, don haka ba kowace ƙasa take yi wa amfani ba.

Wane iri, kuma yaushe

Ciyayin ado gida biyu ne. Akwai masu son zafi: Bamuda, wadda ita ce kiri-kiri da aka inganta, da zoisiya, da kikuyu, da bahiya. Akwai masu son sanyi: raigiras, feskiyu da bulugiras. Iri mai son sanyi da aka kai ƙasa mai zafi zai tsiro da kyau ya ruɗe ka, zafi na tsananta ya narke. Ka nemi wanda ya dace da yanayin wurinka, kuma ya yi kama da ciyawar da ke nan, in ba haka ba facin zai fito fili, launi daban, kaurin ganye daban. Bamuda na jure takawa da fari, amma ba ta shiri da inuwa, tana son awa shida zuwa takwas na rana. A cikin masu son sanyi, feskiyu mai siririn ganye ya fi jure inuwa.

Karanta jikin ledar: ranar da aka gwada irin, kashi nawa cikin ɗari ke tsirowa, da yawan irin ciyawar banza da ke ciki. Idan tsohon iri ne da ya kwana biyu a ajiye, ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a tsumma mai danshi, ka sa a leda a wuri mai ɗumi, ka duba bayan kwana 10 zuwa 14, ko fiye idan iri ne mai nawar tsirowa. Idan 16 suka tsiro, lafiya lau. Idan ba su kai 10 ba, kada ka ɓata wahalarka a kansa.

Zafin ƙasa ne ke tayar da iri. Masu son sanyi na tsirowa da kyau idan ƙasa na tsakanin digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, lokacinsu mafi kyau shi ne ƙarshen zafi zuwa farkon kaka, aƙalla mako shida kafin sanyi mai daskarar da raɓa ya sauka. Masu son zafi sai ƙasa ta kai digiri 18 zuwa 20 ko sama. Inda shekara ta rabu damina da rani, a jira ruwa ya zauna, kada a bi yayyafin farko, kada kuma a bari sai tsakiyar mamakon da zai kwashe iri. Ana so tsiron ya samu wata biyu zuwa uku na girma kafin ruwa ya ɗauke ko sanyi ya shigo.

Kafin ka ci gaba, tsaya daga nesa ka dubi filin. Idan ciyawa mai kyau ta fi rabi, faci da ƙarin iri sun wadatar. Idan ba ta kai rabi ba, nome duka a sake sabuwa ya fi sauƙi.

Share fage da buɗe ƙasa

Yanke ciyawar da ke nan ƙasa fiye da yadda ka saba, kamar santimita uku zuwa huɗu, ka kwashe abin da ka yanke. Manufar ita ce haske ya kai ga ƙasa, tsohuwar ciyawa kuma ta ɗan ja baya kafin ta shanye sabuwa. Sannan ka bi da manjagara mai haƙoran ƙarfe, da ƙarfi, tsaye da kwance. Tsakanin koren ganye da ƙasa akwai wata katifa ta matattun jijiyoyi da karare. Siririya ba laifi, amma idan ta wuce santimita ɗaya da rabi tana tare ruwa, iri kuma ya maƙale a cikinta ya tsiro a sama ya bushe. Filin zai yi muni bayan wannan karcewa, kada hankalinka ya tashi.

Ciyayin banza a tumɓuke su da saiwarsu. Aya-aya sai an bi ta da haƙuri, don 'yan ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ƙasa su ne rayuwarta, idan ka tsinke ganye ka bar su, ka yi aikin baban giwa. Game da maganin feshi, akwai wanda aikinsa hana iri tsirowa, kuma bai san bambancin irin harkiya da irin da ka saya ba. Idan an zuba shi kwanan nan, duba takardarsa, wasu na bukatar jiran wata biyu zuwa huɗu kafin shuka.

Inda ciyawa ta yi shara-shara amma tana nan, huda ƙasa za ka yi. Da shebur mai yatsu, soka zurfin santimita 8 zuwa 10, ka girgiza gaba da baya, ka zare, ka matsa santimita 10 zuwa 15 ka sake. Na'urar da ke zaro ƙasa kamar ɗan yatsa ta bar rami ta fi wannan, musamman a yumɓu, don ita cire ƙasa take yi, ba tura ta gefe ba. A yi aikin nan ƙasa na da danshi, ba busasshiya ba, ba kuma caɓalɓal ba. Yumɓun da aka taka yana jiƙe sharkaf ƙara daɓewa yake yi.

Inda sanƙo ne tsantsa, sa fartanya ka kafce zurfin santimita 10 zuwa 15, ka ɗan shiga cikin ciyawa mai rai a gefe-gefe. Tsince duk dutse da ɓaraguzai, farfasa hoge.

Ruɓaɓɓen taki

A nan nake so ka fi ba da ƙarfi, don shi ne gyaran da ke daɗewa. Ruɓaɓɓen takin ganye da kashin dabbobi yana yi wa ƙasa iri biyu aiki biyu mabambanta. A yashi yana zama kamar soso, ya riƙe ruwa da abinci. A yumɓu yana haɗa ƙananan ƙwayoyin ƙasa su dunƙule ƙanana-ƙanana, kafofi su buɗe. Yana kuma ciyar da tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su kuma su ci gaba da huda maka ƙasa dare da rana.

Amma sai wanda ya ruɓe sarai. Alamarsa baƙi-baƙi ne, yana wargajewa a hannu, ƙamshinsa na ƙasar da ruwan sama ya taɓa, ba ka iya gane abin da aka haɗa shi da shi, kuma tsakiyar tarin ya huce. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙone tsiro, yana kuma zuwa da irin ciyayin da dabbar ta ci. Tarin taki sai ya yi zafin da ya kai digiri 55 ko fiye na kwanaki kafin yawancin waɗannan irin su mutu. Idan kana shakka, cika ƙaramin gwangwani da takin ka riƙa ba shi ruwa mako biyu, ka ga abin da zai fito.

A wurin da ka kafce, zuba kaurin santimita uku zuwa biyar ka cakuɗa da ƙasar sosai. Kada ka bar shi shimfiɗe a sama shi kaɗai, don saiwa za ta zauna a cikin daɗi ta ƙi sauka. A kan ciyawa mai rai kuwa, tankaɗe shi da rariya mai manyan idanu, ka watsa kaurin rabin santimita zuwa ɗaya, ka bi da bayan manjagara ko tsintsiya mai tauri har ya gangara cikin ramukan da ka huda, kan ganye na leƙowa. Lissafinsa ba wuya: kaurin santimita ɗaya a murabba'in mita ɗaya lita 10 ne, ke nan fili mai murabba'in mita 50 zai ci lita 500.

Mutane da yawa na zuba yashi a yumɓu da nufin sassauta shi. Ɗan yashi kaɗan ba ya yin haka, yumɓun ne ke cike tsakanin ƙwayoyin yashin, abin ya ƙara tauri idan ya bushe. Taki ne maganin yumɓu.

Bayan cakuɗawa, bi wurin da dugadugan ƙafa a hankali ka danne shi, ka daidaita da manjagara har ya yi daidai da ƙasar kewaye. Idan ka bar shi a kumbure zai lotsa bayan ruwa ya zama kwari. In kana da lokaci, ba shi ruwa ka bar shi mako guda ko kwana goma: ƙasa za ta zauna, irin ciyayin banza da ka tono za su tsiro, ka karce su sama-sama kafin ka zuba naka.

Takin zamani kaɗan ake so a wannan mataki. Lambobi uku na jikin buhu kason naitirojin, fosfaras da fotashiyam ne cikin ɗari. Abin da ake nema bai wuce giram biyar na naitirojin a murabba'in mita ba. Idan buhunka 15-15-15 ne, giram 33 ke ba da haka, kuma idan ka zuba ruɓaɓɓen taki mai kyau, rabin wannan ya isa.

Zuba iri

Ka auna, kada ka kintata. Ja igiya ka fitar da murabba'in mita ɗaya, auna irin da ya kamace shi a sikeli, zuba a ƙaramin kofi ka yi alama, shi ke nan ka samu mudunka. Raigiras da feskiyu mai faɗin ganye suna cin giram 30 zuwa 40 a murabba'in mita idan ƙasa tsirara ce, rabin haka idan ƙari ne a kan mai rai. Bamuda da aka cire wa ƙaiƙayi ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, giram 5 zuwa 10 sun isa. Abin da ke jikin leda shi ne gaba da nawa. Cika iri ba ya kawo kauri: tsirrai su cunkushe, su yi siriri, su yi ta kokawar ruwa, cuta ta kwashe su tare.

Ƙaramin iri a gauraya shi da busasshen yashi ninki huɗu ko biyar don ya watsu daidai. Raba kason gida biyu, watsa rabi kana tafiya gabas da yamma, rabi kana tafiya kudu da arewa, a ranar da babu iska. Ka ɗan zarce cikin tsohuwar ciyawa don gefen facin ya saje.

Yanzu abin da ya fi komai: dole ƙwaya ta manne da ƙasa. Ja manjagara sama-sama yadda irin zai shiga milimita uku zuwa shida, Bamuda ma ƙasa da haka, don binne ta da zurfi kashe ta ne. Ganin wasu ƙwayoyi a sama ba matsala ba ne. Shimfiɗa faffaɗan katako ka taka, ka ɗaga ka matsa gaba, har ka gama wurin. Sai ka yayyafa tankaɗaɗɗen taki siriri, ko busasshen kara mai laushi wanda ba shi da 'ya'ya, yadda kana hango rabin ƙasa ta tsakaninsa. Wannan rufi na riƙe danshi, yana kuma ɓoye iri daga tsuntsaye. A gangare, rufa tsohon buhun algarara ka kafe shi da turaku, ka ɗage shi da zarar tsiro ya fara leƙowa. Kewaye wurin da igiya don masu wucewa.

Wasu ciyayi masu yaɗo ba a cika samun irinsu ba, dashe ake yi, kuma ga ƙaramin sanƙo dashe ya fi iri tabbas. Yanko gutsattsari masu faɗin santimita biyar zuwa goma, da saiwa da ƙasarsu, daga gefen da ciyawa ta yi kauri, ka dasa su tazarar santimita 15 zuwa 30, ka danne, ka cike ramukan da ka bari da taki. Launi zai zo iri ɗaya tunda uwa ɗaya ce.

Ruwa

Mako ukun farko su ne wuyar aikin. Ƙwayar da ta sha ruwa ta fara motsi, idan ta bushe sau ɗaya ta mutu, ba ta komawa barci. Saboda haka saman ƙasa, santimita ɗaya zuwa biyu, kada ya bushe. Yayyafi ake yi mai laushi, sau biyu ko uku a rana, minti biyar zuwa goma, da safe, da rana tsaka, da la'asar idan ana zafi ko iska. Bakin tiyo tsirara yana tara iri wuri guda ya bar wani wuri fayau. Sa masa kan feshi, ka ɗaga shi sama ruwan ya sauko kamar yayyafi. Da ka ga ruwa ya fara kwanciya ko gudu, tsaya. Ka guji ban-ruwa da dare, don laimar da ta kwana a kan jaririn tsiro na jawo ruɓewar gindi, ka wayi gari ka ga sun kwanta. Idan ka san za ka yi tafiya cikin makonnin nan kuma babu mai riƙe maka, ɗage shukar.

Raigiras na fitowa cikin kwana 5 zuwa 10, feskiyu 7 zuwa 14, Bamuda 10 zuwa 21 ko fiye idan ƙasa ba ta yi ɗumi ba, bulugiras kuwa har kwana 30. Idan irinka gauraye ne, ci gaba da yayyafi har mai nawar ya fito. In kana so ka ga farkon tsiro, durƙusa da sassafe ka kalli wurin ta gefe, rana na bayansa: za ka ga siraran allurai kore, kowace da ɗigon raɓa a kanta, tun kafin mai tsaye ya ga komai.

Da tsiro ya kai santimita biyu zuwa uku, fara yaye shi. Koma sau ɗaya a rana amma ka daɗe, bayan mako guda ka koma bayan kwana biyu, sannan sau biyu a mako. Saiwa bin ruwa take yi, idan danshi ya sauka ita ma ta sauka. Ciyawar da ta kafu na bukatar kimanin milimita 25 a mako, har da ruwan sama, wato lita 25 a murabba'in mita. Jera gwangwanaye masu miƙaƙƙen gefe a filin, kunna ruwa, ka ga minti nawa ake ɗauka kafin su tara santimita ɗaya. Za su kuma tona maka asirin kusurwar da ruwa ba ya kaiwa, wadda sau da yawa ita ce ta yi sanƙo tun farko.

Yankan farko da abin da ke biye

Masu son sanyi a bari su kai santimita 8, a yanke zuwa 6. Bamuda idan ta kai 5 a sauke ta zuwa 3 da rabi ko 4. Kada a taɓa cire fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. Kafin ka sa inji, ja 'yan tsirrai da yatsu. Idan suka tumɓuko da sauƙi, ƙara musu kwanaki. A wasa wuƙar injin, don dakusasshiya fizga take yi, kuma a bari ƙasa ta sha iska yadda taya ba za ta nutse ba.

Bayan mako huɗu zuwa shida da tsirowa, ba su naitirojin kaɗan. Takin yuriya kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, don haka giram biyar zuwa goma a murabba'in mita sun isa, a watsa ganye na bushe, a bi da ruwa nan take. Ciyayin banza za su fito tare da naka, babu makawa. Cire su da hannu, maganin feshi kuwa sai an yi yanka uku ko huɗu. Daga nan ka riƙa barin abin da inji ya yanke a kan filin idan gajere ne, yana ruɓewa ya mayar wa ƙasa kusan rubu'in naitirojin da take bukata.

A mako na uku ko na huɗu za ka ga 'yan giɓi. Wanda bai kai tafin hannu ba, ciyawa mai yaɗo za ta rufe shi da kanta. Raigiras da feskiyu mai faɗin ganye kuwa a dunƙule suke girma, sai ka karce ka ƙara iri. A hana wasa da yawan takawa har wata biyu.

Kowace shekara, a lokacin da ciyawar ke ganiyar girma, sake huda wuraren da ake yawan bi, ka tankaɗa musu rabin santimita na taki. Wurin nan nawa na siminti, bayan na fasa shi na kwashe baro uku na ɓaraguzai, na cike da ƙasa da taki, na dasa gutsattsari daga gefen katanga. Da shekara ta zagayo na soka sukundireba ya shige har mariƙi, na ɗaga shebur ɗaya na ƙasar na ƙirga tana huɗu a ciki.